Mako na bakwai: launin ƙasa biyu a gilashi ɗaya

Abokan koyo, barkanmu da war haka. A makon nan Malam ya sakar mini hannu na yi rinin antibodi ni kaɗai, wato rinin da ke nuna ko wani furotin yana cikin yankan nama. Naman daga dunduniyar wani dattijo aka yanko shi, wani baƙin tabo ne da ya ƙi warkewa. Mu baƙar fata dai, sankarar fata ta melanoma ta fi sauka a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce.

Yankan ma sai da na sha fama. Zafin Katsina a watan Afrilu ba ya barin kakin da ake daskarar da naman a ciki ya tsaya, sai da na ɗora bulok ɗin kan ƙanƙara kafin na samu kaurin maikron 4. Dafa yankan a ruwan sitiret mai pH 6 kuwa, don antibodi ya samu kama furotin ɗin, ta tafi lafiya lau.

Na fara da S100, furotin ɗin da Blake Moore ya gano a 1965. Da wuya melanoma ta kuɓuce masa, sai dai kowa nasa ne: jijiya, ƙwayoyin kitse, guringuntsi, duk yana kamawa. Don haka na haɗa da rinin HMB-45 da Melan-A, masu tsantseni, waɗanda ba sa kama kowa.

Da na leƙa madubi, gilashi uku duk sun ɗauki launin ƙasa. Har na miƙe zan kai albishir. Malam bai ce komai ba, ya miƙo mini gilashin da ban sa wa antibodi ba. Shi ma launin ƙasa, ko'ina! Ashe melanin ɗin naman, wato sinadarin da ke ba fata launi, nake kallo, ba DAB ba, rinin launin ƙasa da ke fitowa inda antibodi ya kama. Kamar tagwaye suke, sai in ka natsu za ka ga melanin ƙwaya-ƙwaya yake, kamar barbaɗin gero, rinin kuwa shimfiɗe. Ni dai idona bai kai nan ba tukuna, kuma ba na son in dogara da shi a kan ƙafar mutum.

Mun sake da jan rini. Nan take gari ya waye: ja daban, melanin daban. SOX10, wani furotin da ake nema a melanoma, ya fi burge ni, domin a cibiyar ƙwaya yake zama, melanin kuma yana waje, ba sa cakuɗuwa. Akwai masu wanke melanin da sinadarin famanganet, amma Malam ya ce yakan ɓata wasu furotin ɗin, sai in ba yadda za a yi.

Hukunci na likitan nama ne, gilashin yana teburinsa. Mako mai zuwa zan gwada wankin a kan ragowar yanka, in ga abin da zai rage na Melan-A.