Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mini a kan lalurar ƙafata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da safe na yi gudun kilomita 3 ba tare da ƙafata ta dama ta ja ƙasa ba, karo na farko cikin wata biyar. Tun da na dawo gida nake jin nauyin godiyar da ke kaina, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Shekara 6 ke nan ina gudu, kuma bana na ɗaura aniyar shiga tseren kilomita 21. Ana tsakiyar shiri abin ya somo. Da fari a saman ƙafa ne, kusa da babban yatsa, nake jin kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Daga nan ya hau gefen ƙauri ta waje. Babu zafi, babu kumburi, ban faɗi ba, ban yi targaɗe ba. Rashin zafin nan shi ya yaudare ni, na ce gajiya ce, na sassauta igiyar takalmi na ci gaba da abina.

Maiɗakina ce ta fara ganewa. Wata rana na shigo sai ta ce, "Baban yara, kana jin tafiyarka kuwa?" Na sake takawa ina saurare. Ƙafar hagu shiru take sauka, ta dama kuwa fat, fat, kamar ana buga silifa a ƙasa. Ta ɗauko takalman guduna ta nuna mini: bakin na dama ya goge, na hagu lafiya lau. Da ba ta yi magana ranar ba, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da zan ƙara ina musu da jikina. Allah ya saka miki da alheri.

Da na fito na nemi shawara, jama'a ba su yi mini rowa ba. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce takalmi, wani ya ce ƙarancin ruwa a jiki, wani ya ce in daure in ci gaba zai ware. Ba duka ne suka dace ba, amma na san kowa don ƙauna ya faɗi tasa, kuma na gode. Abin da ya yi mini ciwo shi ne wurin da na fara zuwa, inda aka rubuta mini maganin kashe zafi ba a ko ce in cire takalmi ba, alhali na faɗa da bakina cewa ba na jin zafi.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. A waya ta tsare ni da tambayoyi. Ƙafa ɗaya ce ko biyu? Raunin yana hawa sama kullum? Fitsari da bayan gida suna riƙuwa? Akwai sagewa a tsakanin cinyoyi? Na ce, "Yaya, me ya haɗa ƙafa da fitsari?" Ta ce idan jijiyoyin da ke can ƙarshen ƙashin baya suka matsu, waɗannan ne alamominsu, kuma a wannan daren ake tafiya asibiti, ba a jiran gari ya waye. Haka ma raunin da ya kama ƙafa biyu yana hawa cikin kwanaki, domin yana iya zama cutar Guillain-Barré, wadda kan kai har ga numfashi. Da ta ji ba ni da ko ɗaya, sai ta ce in miƙe in yi tafiya a kan dunduniya. Ta hagu ta ɗagu. Ta dama ta ƙi, ina kallon yatsuna ina ba su umarni, ko motsi. Nan jikina ya yi sanyi. Ita ta matsa mini sai na ga likitan jijiyoyi, ita ta yi ta kira har na je. Yaya, ba ni da bakin gode miki.

Shi wannan likita, Allah ya ƙara masa basira, ya zauna ya saurare ni har na gama. Ya sa aka duba sukari da bitamin B12, tunda dukansu kan taɓa jijiyoyin ƙafa, aka kuma ɗauki hoton MRI na ƙugu, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya idan ya zame yakan danne jijiya ya kawo irin wannan jan ƙafa. Duka suka fito lafiya. Sai ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa wani ɗan tudun ƙashi a ƙasan gwiwa ta waje, na ji kamar lantarki ya ja ni har babban yatsa. Ya ce ga inda matsalar take.

Ya zana mini a takarda. Babbar jijiyar da ke saukowa ta bayan cinya tana rabuwa biyu a saman gwiwa. Reshe ɗaya, wanda suke kira feroniyal, yana zagaya wuyan siririn ƙashin ƙauri, kuma a daidai nan babu abin da ya rufe shi sai fata da ɗan kitse. Shi ke ɗaga ƙafa da yatsu, shi ke kai ji saman ƙafa. Gwajin da aka yi da lantarki ya nuna saƙo yana tafiya daidai, sai ya iso wannan wurin ya yi rauni. Da ya bi diddigi, sai ga dalilai uku sun haɗu a kaina: na zubar da kilo 11 cikin ɗan lokaci, kitsen da ke kare jijiyar ya tafi, ina wuni a kujerar aiki ƙafa ɗaya kan ɗaya, sannan ina ɗaure ƙasan gwiwa da roba tamau idan zan fita gudu, ina ganin gata nake yi mata. Sa'ar da na ci, rigar jijiyar ce ta taɓu, cikinta bai yanke ba. Da ya yanke, in ji shi, jijiya kan tsiro ne kimanin milimita 1 a rana, jiran sai ya fi haka nisa.

Ga likitar fisiyo, wato mai farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, da ta yi wata uku tana fama da ni, na gode. Ita ta ba ni abin tallafar idon sawu don kada in yi ta tuntuɓe, ita ta hana ni gaggawa. Ranar da babban yatsana ya ɗan ɗago a mako na bakwai, ta riga ni yin hamdala.

Akwai kuma wani dattijo a cikin abokan gudunmu. Shi kaɗai ya ce mini kai tsaye, "Ɗana, ajiye takalmin nan sai an san abin da ke damunka." Bai tsaya nan ba, ya riƙa barin nasa gudun yana taka ƙasa tare da ni a hankali, don kada zaman gida ya karya mini zuciya. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Har yanzu akwai ɗan wuri a saman ƙafar, bai fi faɗin yatsa biyu ba, da bai gama farfaɗowa ba, kuma zan koma ganin likita nan da mako shida. Tseren ya wuce ba ni, ban kuma sa wa kaina ranar wani ba. Wanda ya kira, wanda ya zo dubiya, wanda ya yi mini addu'a ban sani ba, Allah ya biya ku. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa, kuma ina roƙon a ci gaba da sa ni a addu'a.