Santimita huɗu

Talata, bayan isha'i.

Rigar Ummi ta ƙi shiga. Marar hannun nan ce ta cikin littafin ɗinki na Japan, wadda na ce muku zan yi mata da ragowar atamfar sallah. Auta ta yanka da safe ina kasuwa, ta haɗa gefe da kafaɗa, da muka gwada bayan la'asar sai rigar ta cije a ƙirji. Yarinya ta tsaya hannuwa a sama, kai a cikin riga, tana cewa a fitar da ita.

Na ce, "Auta, kin ƙara alawus kuwa?"

Ta ce, "Wane alawus, Yaya? A kan layin na bi, ko kaucewa ban yi ba."

To nan gizo ke saƙar. Layin da ke kan babbar takardar da ake naɗewa a bayan irin waɗannan littattafan, layin ɗinki ne, inda allurar keke za ta bi. Almakashi ba ya taɓa shi. Ana kwafe shi a kan wata takarda mai shara-shara, a ɗora a kan yadi, a soke da fil, sannan a zana layi na biyu da alli a wajensa, shi ake yankawa, tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce alawus. Nawa za a ƙara? Yana can cikin littafin, a shafin bayanin rigar, jikin ƙaramin hoton da ke nuna yadda ake shimfiɗa sassa a kan yadi. Lambobi ne ƙanana a bakin kowane sashe. Inda babu lamba, galibi santimita 1 ne. Ƙasan rigar tamu an sa 3 saboda kalmasa. Inda aka sa 0 kuwa a kan layin ake yankawa, don bayas, wato siririn ƙyallen da ake yankowa a karkace, shi zai rufe wurin.

Auta ta ce, "Amma 110 na ɗauka, kuma tsayinta kenan."

Nan ta yi daidai. Kayan yara a littattafan nan da tsayin yaro ake zaɓarsu, 100, 110, 120, ba da shekaru ba. Ta kuma bi layin 110 ɗin bai ɓace mata ba, ga shi riguna kusan goma aka buga a kan juna a takarda ɗaya, layuka sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo. Ta gane alamar わ, wato "wa" mai nufin ninki, ta ɗora gaba da baya a kan ninki yadda ya kamata. Duk wannan ta iya. Alawus ɗin kawai.

Na ɗauko tef na juya shi ɓangaren santimita na nuna mata lissafin. Ɗinkin gefe ɗaya yana cin 1 daga gaba, 1 daga baya. Gefe biyu, 4 kenan sun tafi daga faɗin ƙirji. Ɗinkin kafaɗa ya ja rigar sama da 1, ya kuma matse ramin hammata. Rigar da dama sararin da aka bar mata a ƙirji ba yawa, ka cire mata 4, ai dole ta ƙi shiga.

"Sai a zubar kenan?" Muryarta ta riga ta fara rawa.

Ba a zubar ba. Mun farke gefe biyun, muka yanko dogayen ƙyallaye biyu daga ragowar atamfar, kowanne faɗin 4, tsayi daga hammata zuwa ƙasa, a bin tsayin yadi don kada su miƙe. In an ɗinka kowane baki da 1, abin da zai fito a ido 2 ne a kowane gefe, asarar ta dawo cif. Kafaɗa muka sake ɗinkawa da rabin santimita. Wuya da hammata kuwa ba a kalmashe su ba, don duk abin da aka ninka ciki wuyan ne zai ƙara faɗi. Bayas muka naɗa musu, ya rungumi bakin yadin bai ci komai ba. Ƙasa ma haka. Da aka goge, ƙyallen gefen sai ya zama kamar da gangan aka sa shi. Umma har tana tambaya ko sabon yayi ne.

Wuta ta ɗauke ana cikin guga. Dutsen gawayi.

Wani abin da na gano yau a kan bargon ƙyallaye, kafin in manta: littafin da nake bi yana ba kowane ƙyalle alawus santimita 0.7, ƙafar keken da nake amfani da ita kuwa ta kwatan inci ce, wajen 0.64. Bambancin kamar ba komai, amma a jeren ƙyalle goma akwai ɗinki tara, sai jeren ya fi yadda aka tsara tsayi da fiye da santimita ɗaya. Shi ya sa bakin bai haɗu ba ranar Asabar. Na manna salatif a jikin keke daidai 0.7.

Da magariba na ɗan taɓa sashiko, wato ɗinkin hannu na ado irin na Japan, a kan baƙin ƙyallen marina. Farin zare mai kauri, ba a raba shi. Ɗinkin sama ya ɗan fi na ƙasa tsawo, kamar ƙwayar shinkafa, a kwana kuma a bar zaren da ɗan sako-sako ta baya, in ba haka ba yadin ya tattare. Layi biyu na yi na ajiye. Hankalina ba ya wurin.

Don gaskiya ni ce ban gaya wa Auta maganar alawus ba. Na miƙa mata littafin da babu kalma ɗaya da za ta iya karantawa a ciki, na ce ta kwafe ta yanka, na ɗauki mayafi na fita. Ita kuma duk zanen da ta taɓa ganin na yi a kan kwali da alawus ɗinsa a jiki nake yin sa. Sannan na dawo na ɗaga mata murya a gaban Ummi.

Ba ta ci tuwo ba. Da na leƙa ɗakin ɗinki ɗazu, na tarar ta ɗauki jan biro ta zagaye kowace ƙaramar lamba a shafin rigar, har da sifilin.