Ina hasken ya zube?

Sabon shiga a aikin zaren gilashi, wato siririn zaren da ake aika saƙo ta cikinsa da haske, yakan ɗauka cewa idan ana son saƙo ya yi nisa, sai a ƙara wa leza, na'urar da ke harba hasken, ƙarfi. Aikin da kansa yake cire masa wannan tunani. Abin da na fi daɗewa ina yi a ɗakin gwaje-gwaje shi ne bin sawun hasken da ya ɓace: nawa ya shiga, nawa ya fito, ina ragowar? Cibiyar zaren, inda hasken ke bi, faɗinta bai wuce maikuromita 9 ba (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), silin gashi ya ninka ta sau da yawa. Ƙura ɗaya a bakin mahaɗa ta isa ta ɓata awon yini guda. Shi ya sa goge-goge ya fi lissafi cin lokaci, ko da yake ba wanda ke rubuta wannan a takardar bincike.

Da na waiwayi tarihin fannin sai na ga ashe a kan wannan tambaya aka gina shi. A farkon shekarun 1960, idan haske ya bi zaren gilashi na mita 20 kacal, kashi 1 cikin 100 ne yake saura, har mutane da yawa suka fitar da rai. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Ingila, suka nuna cewa laifin ba na gilashi ba ne, na dattin da ke cikinsa ne, musamman burbushin ƙarfe. Suka ce in aka tace shi har asara ta sauko ƙasa da desibel 20 a kilomita (desibel shi ne ma'aunin asarar), za a iya sadarwa da shi. Kamfanin Corning ya kai wannan matsayi a 1970. Kao bai ƙirƙiro sabon haske ba, wurin yoyo ya gano, kuma a kan haka aka ba shi lambar Nobel a 2009. Zaren da ke ɗauke da intanet a yau yana asarar kimanin desibel 0.2 a kilomita, wato sai haske ya yi tafiyar kilomita 15 kafin rabinsa ya salwanta.

Wannan ɗabi'a ta canja yadda nake karanta labaran kimiyya. A Disambar 2022 ɗakin binciken Lawrence Livermore da ke Amurka ya haska leza 192 a kan ɗan ƙwayar makamashi a gwajin samar da makamashi ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, aka zuba megajul 2.05 (megajul ma'aunin makamashi ne), aka samu 3.15. Nasara ce ta gaske, ba na rage mata komai. Sai dai lezojin sun sha wutar lantarki ta kusan megajul 300 kafin su ba da waɗancan biyun. Masu binciken ba su ɓoye ba, kanun labarai ne suka tsallake. Ribar ta dogara da inda ka fara ƙirga.

Haka batun kwamfuta mai aiki da haske. Silikon, sinadarin da ake ƙera guntun kwamfuta da shi, na iya ɗaukar haske ya sarrafa shi, amma ba ya iya samar da shi yadda ya kamata, dole a liƙo masa leza daga wani sinadari daban, kuma kowace mahaɗa sai ta ci rabonta. Duk wanda ya ce mini guntun kwamfutarsa ba ya shan wuta, nakan tambaye shi ko ya sa lezar a lissafi.

Binciken da ya fi faranta mini rai a 'yan shekarun nan shi ne na zare mai rami a tsakiya. Shekara kusan arba'in asarar zaren gilashi mafi kyau ta tsaya a wajen desibel 0.14 zuwa 0.15, domin tacewa ta kai maƙura, abin da ya rage gilashin kansa ne ke warwatsa haske. Sai masana a Jami'ar Southampton suka bi wata hanya: a fitar da gilashin daga hanyar hasken gaba ɗaya, a bar shi ya bi iska, wasu siraran bututu na kewaye suna tsare shi kada ya fice. Microsoft ya sayi kamfanin da ya fito daga wannan aiki, Lumenisity, a 2022, kuma a 2025 suka wallafa sakamakon desibel 0.091 a kilomita. Ga kuma sauri: haske na yin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi, a iska kuwa kusan 300,000.

Duk da murnata, ina jiran wasu alkaluma. Duniya cike take da tsohon zare, kuma duk inda sabon ya haɗu da shi akwai asara da hasken da ke komawa baya. Ramin ma dole a tsare shi daga danshi da iskar da ke shanye haske, a kuma iya ƙera dubban kilomitoci iri ɗaya, ba 'yan kaɗan na gwaji ba.