Yadda muka mayar da fam naira a kasuwar Sakkwato

Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta ajiye fam da sule, ta ɗauki naira da kwabo. Janar Yakubu Gowon ke mulki, Dakta Clement Isong ke riƙe da Babban Banki, Sakkwato kuwa ita ce hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. A lokacin ina saurayi, ina riƙe wa kawuna littafin shagonsa a kasuwa, inda muke sayar da gishiri, sukari, sabulu, ashana da kananzir. Ni ya ɗora wa aikin sauya farashin kowane kaya da kowane bashi.

Abin da gwamnati ta yanke bai da tsawo: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Manyan basussuka ba su wahalar da ni ba. Wanda muke bi fam 30 na rubuta masa naira 60, na bar tsohuwar lambar a gefe don kada ya zaci an ninka masa bashi.

Wahalar tana can ƙasa, inda talaka ke cefane. Tsohon sule kwabo 12 ne, yanzu ya koma 10. Sisi ya zauna daidai a kan kwabo biyar, taro ya zama biyu da rabi, tsohon kwabo kuwa bai cika sabon kwabo ba, sai an haɗa tsofaffi shida su ba da sababbi biyar. An buga rabin kwabo, amma a hannunmu ya yi ƙaranci ƙwarai. Wata dattijuwa mai ƙosai ta miƙo mini sule don in yi mata canji, ta ƙirga goma a tafinta, ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, sauran biyun ina sunka shiga?" Na ce, "Inna, ba su ɓace ba, kowane sabo ya ɗara tsoho nauyi." Ba ta gamsu ba, kuma tana da gaskiya, domin masu tebur da yawa sun bar abin kwabo a kan kwabo. Abin da sule ke sayo guda 12 ya koma guda 10, ba tare da kowa ya furta cewa ya ƙara kuɗi ba. Shekarar kuma ta fari ce, mutanen karkara na shigowa gari da ɗan abin da ya rage musu bayan dabbobi sun mutu.

Kawu ya hana mu bin wannan hanya. Ya ce tauye kwabo da tauye mudu zunubinsu guda. Sai muka riƙa ƙulla kayan kwabo shida-shida a kan kwabo biyar, wanda ya sayi ɗaya tak mu yi masa gyara. Ribar ba ta kai ta maƙwabtanmu ba a watannin farko, amma matan unguwa shagonmu suka riƙa aiko yara.

Sai batun sefa, kuɗin da ake kashewa a Nijar. Muna da masu sari daga Birnin Ƙonni da ke bin hanyar Illela. A takarda, naira ɗaya ta fara da kusan dala ɗaya da rabi ta Amurka, sefa 50 kuma faran ɗaya na Faransa, daga nan banki ke fitar da nasa farashi. Amma wanda ya ɗauko kaya a kan jaki ko raƙumi ba ya zuwa banki, wajen 'yan canji yake tsayawa. Su kuwa da farko sun yi ɗari-ɗari da takardar da ba su saba gani ba, har wasu suka fi son a biya su da tsohuwar fam. Kullum da safe kawu kan aike ni in jiyo yadda ake sauya sefa, da wannan muke ciniki.

Abin da na fahimta daga aikin shi ne, farashin fam da naira ya zauna ne saboda duk wanda ya kai fam banki zai karɓi naira biyu cif, kuma an bar tsoho da sabo suna yawo tare har mutane suka saba. Shi ya sa raina ya ɓaci da sauyin takardun naira da aka fara a Disambar 2022. A doka tsohuwar dubu da sabuwar dubu ɗaya suke, amma bankuna ba su da sabuwar da za su bayar, wa'adin daina karɓar tsohuwar, 31 ga Janairun 2023, kuma ya yi kusa. Na ga manoma daga ƙauyukan da babu banki suna karya farashin gero don su samu kuɗi a hannu, masu POS na yankar kaso mai tsoka kafin su ba mutum kuɗinsa. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, bayan mutane da dama sun riga sun sayar da hatsinsu da asara.