Za ta kwana a gareji

Laraba, dare ya raba, barci ya ƙi zuwa.

Na san na ce na ajiye maganar mota sai baɗi. To, yau dai na je na gan ta.

Mercedes S350 ce, ƙirar 2008, baƙa wuluk, irin jikin nan da aka yi daga 2005 zuwa 2013. Dillali ya buɗe mini ƙofa na zauna, ina jan murfin hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Ƙamshin fata, sitiyari sumul. Kuɗin da ya yanka mata bai ma kai na ƙaramar motar nan da na taya watan jiya ba. Har na fara hango kaina a cikinta, sai murmushi nake yi ni kaɗai.

Sai muka kai ta wurin bakanikena.

Bai ko kalli kujerun ba. Tsugunawa ya yi, yana zura yatsu tsakanin taya da jikin mota, kusurwa bayan kusurwa. Ya miƙe yana goge hannu ya ce, "Maigida, wannan fa a kan iska take tsaye." Wai kowace ƙafa da jakar roba a jikin shokozoba, kwampireso ne ke hura su. Roba kuwa tsufa take yi. In ɗaya ta fara yoyo, kwampireso zai yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, kuma ba a so a canza ɗaya a bar 'yar'uwarta, bibbiyu ake yi. Ya ɗaga bonet ya nuna mini batir, ya zagaya but ya nuna mini wani. Batir biyu! Injin silinda shida ne, baƙin mai wajen lita 8 duk juyi, kuma ba kowane iri take sha ba. Giya bakwai, da nata man da nata kwamfutar.

Na ce, "Amma Malam, ka ji kuɗin kuwa? Ai kamar kyauta ce."

Ya ce, "Kuɗinta ne ya faɗi, Maigida. Kayanta ba su ji labari ba. Fitila ɗaya in ta fashe, da kuɗin sabuwar mota ta manya za a sayar maka."

Dillali ya yi caraf ya ce ba ta da komai, mai kawai zan zuba. Da aka tambaye shi takardun sabis, sai ya tuna yana da kira a waya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen. Na ce masa in saya ko in bari? Ya yi dariya ya ce in na saya shi kam ya gode Allah. Sannan ya daina dariyar ya ce, "In ka biya, nawa zai rage a hannunka?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Shekara nawa muna tare, bai taɓa yi mini tambaya irin wannan ba, kuma a gaban yaransa.

Ofis, ba labari. Yaya ya kira, ban gaya masa ba, na san araha ba ta ado zai ce.

Maman yara kuwa ta kalli hoton ta ce, "Ita ta gidan me ta yi maka?" Ba ta yi mini komai ba. Shekara shida ba ta taɓa kwana a hanya da ni ba. Kawai dai ba wanda ke waiwayowa in na wuce, kuma kunya nake ji da na rubuta wannan.

Mun shawo kan dillali ya bar ta ta kwana a gareji. An auna tsayin kusurwa huɗun da tef, lambobin na nan a bayan wata rasit cikin aljihuna. Da safe za a sake aunawa kafin a tayar da inji. Tun ɗazu nake tambayar kaina wanne nake fata, ta zauna ko ta tsaya. Na saita agogo ƙarfe shida.