Makon Hutu Ba Na Biyan Bashi Ba Ne

Na tarar da ƙanwata tana ja wa wata takarda layuka da biro mai launi uku, ta raba kowace rana gida-gida tun daga ƙarfe bakwai na safe har biyar na yamma. Na zaci jadawalin sabon zango ne, ashe na makon hutun 'yarta ne mai shekara 14, wadda take koyarwa a gida. Ta shiga nuna mini abin da ta cusa a ciki: babukan lissafin da ba a kammala ba, gwajin kimiyyar da aka ɗage, da bitar tambayoyin jarrabawar baya. Ta ce, "Yaya, in ban cike giɓin nan a makon nan ba, yaushe zan cike shi?" Yarinyar tana gefe ba ta ce uffan ba. Na san wannan shirun, domin na shekara da shekaru ina jin irinsa a gidana ina ɗaukarsa ladabi.

Lokacin da nake koyar da babban ɗana, na ɗauki tsarin da iyaye da yawa masu koyarwa a gida suke bi, wato mako shida na karatu, na bakwai hutu. A takarda na bi shi, amma a aikace duk abin da ya gagare mu a makonni shidan sai in tara shi in jibga wa na bakwai, in tsaya a kan yaron kamar mai bin bashi. Ba mugunta ce ta sa ni ba, kuma har yau ban yarda duk laifin nawa ne ba. Uwar da ke koyar da ɗanta a gida ba ta da shugaban makarantar da zai ce mata aiki na tafiya daidai, ba ta da ajin da za ta auna ɗanta da shi, sai dangi masu jiran ranar da za su ce dama sun faɗa. Ga shi kuma na ji labarin binciken da Harris Cooper da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1996, wanda ya nuna cewa dogon hutun bazara yana jawo wa ɗalibai asarar kusan karatun wata guda, kuma lissafi ne ya fi jin jiki. Abin da na ƙi lura da shi shi ne, hutun da suke magana a kai na wajen wata uku ne, ni kuwa na ɗauki tsoron na ɗora a kan kwana bakwai.

Yaron bai taɓa yi mini gardama ba. Abin da ya yi shi ne ya rage sauri. Sai ya buɗe littafi a shafi ɗaya tun hantsi, yana juya fensir a tsakanin yatsunsa, in dawo bayan awa guda in tarar layi biyu ya ƙara. Da na matsa masa wata rana sai ya ce, "Mama, ko na gama ko ban gama ba, ai aikin ba ya ƙarewa." Da hannuna na koya masa cewa gama aiki da wuri ba ya haifar da komai sai ƙarin aiki. Duk da haka ya ci jarrabawarsa da kyau, kuma wani lokaci nakan ce a raina da na sassauta da watakila bai ci ba. Amma da ya shiga jami'a, inda babu mai tsara masa yininsa, ya daɗe bai san yadda ake riƙe yamma guda da babu darasi ba.

A kan ƙanwarsa sai na juya gaba ɗaya, na sakar mata makon ta yi yadda ta ga dama, aka gudu ba a tsira ba. Waya har ƙarfe ukun dare, barci har azahar, makon farko na sabon zango ya tafi a gyaran barci kawai.

Na yi niyyar jera muku shawarwari masu yawa, ku iyaye masu tasowa, amma da na tace su kaɗan suka rage. Ku rubuta ranakun hutu tun kafin a fara zango, kada ku taɓa su. Aikin da bai ƙare ba ya tsallaka zango na gaba, in kuwa kullum ba ya ƙarewa, shirinku ne ya fi ƙarfin lokaci, shi za ku rage. Kun fi son ku kwafo jadawali mai ado daga wayoyinku ku manna wa yaro, alhali wanda ya tsara shi bai taɓa ganin ɗanku ba.

Kafin hutun ya zo, ku tambayi matashin abin da yake so ya yi da makon, abu guda da zai fara ya gama da kansa: gyaran keke, ɗinki, bin wani mai sana'a ya ga yadda ake aiki, ko littafin da ba ya cikin manhaja. Kada ku mayar da shi darasi, kada ku nemi rahoto. Zai ɓata kwana biyun farko yana cewa babu abin yi, kuma wannan zaman banzan yana cikin aikin.

Na ce kada a taɓa karatu, amma lissafi dai a taɓa shi, minti 15 a rana ya isa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bita kaɗan-kaɗan a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. In wannan ya saɓa wa maganata ta farko, ya saɓa.

Ku bar shi ya ƙara awa ɗaya ko biyu na barci da safe. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, kuma balaga tana jinkirta lokacin da barci ke zuwa masa da dare, abin da ni na riƙa kira lalaci. Sai dai waya ba za ta kwana a ɗakinsa ba, ko hutu ko ba hutu. Yaran yanzu za su rantse maka ƙararrawar tashi kawai suke so da ita, sai ku saya musu agogo. Ku ma ku ajiye taku a wannan lokacin, domin ban ga yadda uwar da kanta ke sunkuye a kan waya har tsakar dare za ta karɓe ta ɗanta ba tare da ya raina umarnin ba.