Sana'ar da na gada a hannun 'yan Fotugal

Duk wanda ya taɓa neman magini a kewayen Paris cikin watan Agusta ya san abin da nake nufi. Ka buga waya goma, takwas ba za su ɗauka ba, sun loda mota sun tafi Fotugal ganin gida. A wannan watan ne kakata ke yanke saƙa, don ragowar aikin duk wajena yake gangarowa.

Kamfanina ƙarami ne. Mu shida ne har da ni, mota ɗaya, sai ɗakin ajiyar kaya da nake haya a Champigny-sur-Marne. Aikinmu shimfiɗa tayil, wanda mu a Nijar muke ce wa karo: banɗaki, kicin, baranda, wani lokaci shago. Masu aiki kan yi mamaki idan suka ji Badamagare yana yi wa yaransa faɗa da yaren Fotugal. Ba laifina ba ne, da yaren aka koya mini.

Maigidana mutumin arewacin Fotugal ne, yankin Minho. Ya ɗauke ni lebura, ina kwaɓa siminti ina hawa da buhu bene. Ina ce masa Baba, shi kuma bai taɓa kiran sunana daidai ba. Ya shigo Faransa yana saurayi, ba fasfo, ta hanyar da suke kira "a salto", wato tsallake. Lokacin mulkin kama-karya na Salazar ne a Fotugal, talauci ya yi wa ƙauyukansu katutu, ga yaƙin mulkin mallaka da ya ɓarke a Angola a 1961 ya bazu zuwa Gini Bisau da Mozambik, ana kwasar samari soja. Sai mutum ya ratsa Sifaniya, ya haye duwatsun Pyrénées da dare a ƙafa. Kafin a tashi ana yaga hotonsa biyu, rabi ya zauna wajen iyaye, rabi ya tafi da shi. Sai wancan rabin ya dawo gida za a san ya sauka lafiya, sannan a cika wa ɗan jagora kuɗinsa. Ranar da ya ba ni wannan labari na yi shiru, don na san 'yan unguwarmu da suka bi ta Agadas, ko rabin hoto ba a gani ba.

A nan Champigny ya sauka, a unguwar bukkokin katako da kwano, wadda ta ɗauki mutum fiye da dubu goma, akasari 'yan Fotugal. Caɓi har idon sawu, ruwa sai an yi layi. An rushe ta a farkon shekarun 1970, yanzu wurin shaƙatawa ne, yara na buga ƙwallo. A 1962 'yan Fotugal a Faransa ba su wuce dubu 50 ba. Zuwa 1975 sun haura dubu 750. Maza suka shiga gini, mata da yawa suka zama masu kula da benayen Paris, su share, su karɓi wasiƙa, su riƙe makulli.

Wannan na ƙarshe shi ne sirrin kasuwar, kuma na daɗe ban gane ba. Baba bai taɓa buga talla ba. Matarsa ta san duk banɗakin da ke yoyo a benenta, ƙawayenta sun san na sauran benayen. Har yau kusan rabin aikina daga bakin waɗannan iyaye yake zuwa. Shi ya sa duk ƙarshen shekara nake zagaya su da ɗan alheri.

Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne daɓe. Idan aka zuba daɓen siminti, ƙa'idarsa mako guda ga kowace santimita kafin a ɗora tayil. Bayan na buɗe nawa, wata mai gida ta matsa mini tana son tarewa, na shimfiɗa kan ɗanyen daɓe. Ba a yi wata huɗu ba tayil ya fara ɗagowa. Na fasa na sake da kuɗina, ribar wata biyu ta tafi. A ƙasar nan kuma ba a wasa da wannan, doka ta ɗora wa magini inshorar shekara goma kan aikinsa. Da na gaya wa Baba, dariya ya yi har da tari.

Cin rana ne kawai muka sha fama da farko, don akushinsu ba ya rabuwa da naman alade da giya. Da matarsa ta fahimta sai ta riƙa ƙara mini bacalhau, busasshen kifinsu mai gishiri da ake jiƙawa kwana biyu, da dankali da man zaitun. Mun kuma yi musu kan azulejo, tayil ɗinsu mai shuɗin zane. Na ce kalmar daga Larabci take, az-zulaij. Ya ce sam. Sai da 'yarsa ta duba a waya, ya ce to ai Larabawan ma a ƙasarsu suka zauna.

'Ya'yansa ba wanda ya taɓa cokalin gini. Ɗaya tana aikin banki, ɗaya yana koyarwa. Da gwiwoyinsa suka gaza, ni ya sayar wa injin yankan tayil da littafin lambobin wayarsa, biya kaɗan kaɗan. Ya koma gidan da ya gina a ƙauyensu, Agusta bayan Agusta, mai ɗakuna shida, shi da matarsa kawai a ciki. Ba na yi masa dariya, nawa na Damagaram ya kai linta.

Watan jiya ya zo ganin jikoki, ya biyo ta wajen aikinmu ba sanarwa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ciro makulli daga aljihu, ya durƙusa da ƙyar yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, yana sauraren mai ƙarar holoƙo. Ya samu biyu a bayan ƙofa. Ya miƙo mini hannu in ɗaga shi, ya ce a cire su kafin mai gida ta dawo.